Janar Murtala Ramat Muhammad da Gadon Yaƙin Basasa

Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Rumfa, nan Ƙofar Ɗan Agundi, ya sha jin malamanmu suna ambaton Murtala cikin manyan da makarantar ta yaye. An haife shi a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba 1938. Ya fara karatu a elementare ta Cikin Gida, ya koma Gidan Makama, sa'an nan a 1949 ya shiga Midil ta Kano, wadda ita ce ta zama Rumfa daga baya. Ya ƙare sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Zariya a 1957, ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst a Ingila.

Yaƙin basasa ne ya fito da sunansa. A Agustan 1967, da sojojin Biyafara suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, aka ɗora masa kafa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, yawancin mutanenta sababbin ɗauka ne da ba su gama koyon riƙe bindiga ba. Da su ya ƙwato Benin a watan Satumba. Amma abin da ya biyo baya ba na alfahari ba ne. A Oktoba sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba, tabon da mutanen garin ba su manta ba har yau. Ya kuma nace sai ya ƙetare Kogin Kwara da jiragen ruwa ya kama Onica, ko da yake hedikwata ta shawarce shi ya zagaya. Aka yi ta gwadawa ana asarar rayuka. Ƙarshen Maris 1968 kuma aka yi wa ayarin motocinsa kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone su.

Kafin yaƙi sojojin Nijeriya ba su fi dubu 10 ba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 sun kai wajen dubu 250. Barikoki ba su ɗauke su ba, albashinsu ya cinye kaso mai tsoka na kuɗin gwamnati, ga naƙasassu da matan da aka bari da marayu. Makamai suka bazu a hannun jama'a, fashi ya yi ƙamari, har gwamnati ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970. Janar Gowon bai taɓa yawan sojojin nan sosai ba, don ya san sallamar mai bindiga ba tare da sana'a ba wasa da wuta ne.

Wannan kaya Murtala ya tarar ran 29 ga Yuli 1975 da ya zama shugaban ƙasa. An fi tunawa da ma'aikata sama da dubu 10 da ya sallama (mu ma'aikatan gwamnati har yanzu muna gardama kan ko gyara ya yi ko ɓarna), da jihohi 19, da zaɓen Abuja. A ganina shirinsa na rage sojoji dubu 100 ya fi waɗannan duka haɗari. Hafsoshi da ƙananan sojoji da suka sami galan a fagen fama suka ga abincinsu na neman kuɓucewa, ga kuma gunaguni kan ƙarin girman da aka yi wa wasu manya. Rage sojojin yana cikin koke-koken da aka danganta da Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa.

Ran Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 suka tare motarsa a Ikoyi, yana hanyar ofis ba tare da rakiyar tsaro ba, suka harbe shi tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Shekararsa 37, Allah ya jiƙansa. Aka kawo gawarsa Kano aka rufe. Aikin rage sojojin kuwa, Janar Obasanjo da Janar Danjuma suka ci gaba da shi sannu a hankali, har suka miƙa mulki a 1979 ba a kai adadin da ya nufa ba.