Marigayi Howard Marshall, Mai Sharhin Wasan Kurket a Rediyo

An haifi Howard Marshall a ƙasar Ingila cikin shekarar 1900. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, sa'an nan ya kama aiki a gidan rediyon BBC a 1927. A wancan zamani mutane da yawa suna ganin wasan kurket bai dace da rediyo ba, domin tafiyar hawainiya yake yi, har akan kwashe kwanaki ba a kammala shi ba. Marshall na cikin waɗanda suka kawar da wannan shakka. Cikin natsuwa yakan siffanta filin wasa, da yanayin gari, da kowace jifa, har mai sauraro ya ji kamar da idonsa yake gani.

Shi ya yi sharhi daga filin Lord's a 1934, lokacin da Hedley Verity na Ingila ya fitar da masu bugun Ostareliya sau 14 a yini guda. A 1938 kuma, daga bakinsa jama'a suka ji yadda Len Hutton ya tara maki 364 a filin Oval.

Ya rasu a 1973, bayan ya share hanyar da su John Arlott suka bi.