Wellesley Bailey, Abokin Kutare

Ya mai karatu, ka san yadda akan yi da kuturu a dā. A yi masa bukka a bayan gari, a ware ƙwaryar shansa, a ce la'ana ce ta same shi. Haka Wellesley Bailey ya tarar a Indiya.

An haife shi a ƙasar Ailan a 1846. A 1869 ya isa Indiya, ya zama malamin makaranta a garin Ambala. Wani mai bishara ya kai shi bukkokin kutare. Bai juya musu baya ba. Ya riƙa ziyartarsu, yana gaya musu bishara, yana bin gurbin Yesu wanda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu.

Da shi da matarsa Alis suka koma gida, suka ba da labari a Dublin. A 1874 abokansu suka yi alkawarin tara fam 30 kowace shekara. Nan ne mafarin ƙungiyar taimakon kutare, wadda take aiki har yau. Ya rasu a 1937, tun ba a sami magani mai warkarwa ba.

Yanzu mun sani ƙwayar cuta ce take kawo kuturta. Magani yana warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kyauta kuwa ake ba da shi. In ka ga tabo a jikinka wanda ba ya jin taɓi, kada ka ɓoye. Tafi asibitin Danja kusa da Maraɗi tun yatsu ba su lalace ba. Maƙwabcinka mai wannan ciwo kuma, kada ka guje shi.