Dakta Frederik Bang da ƙaguwar teku mai shuɗin jini

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, musamman da damina lokacin da amai da gudawa suke yawa, ya san ledar ƙarin ruwa da ake ratayewa a gefen gado. Kafin ledar nan ta bar kamfanin da ya yi ta, doka ta wajabta a gwada ruwan don a tabbatar babu wata guba da ake kira endotoksin a cikinsa. Haka ake yi wa ruwan allura da yawancin alluran rigakafi. Gwajin da aka fi amfani da shi a duniya ya samo asali ne daga jinin wata dabbar teku, kuma mutumin da ya buɗe ƙofarsa wani likita ne ɗan Amurka, Frederik Barry Bang.

An haifi Bang a shekarar 1916. Ya yi karatu a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ya zama likita a 1939, kuma kusan duk rayuwarsa ta aiki a wannan jami'a ya yi ta. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin likitan soja a yankin tekun Pasifik, inda zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da sojoji da yawa, don haka cutar da muka fi gani a asibitocinmu tana cikin abubuwan da ya fara bincike a kai. Bayan yaƙi yana cikin na farko-farko da suka riƙa duba ƙwayoyin bairos da madubin ilektiron. A 1953 aka ba shi shugabancin sashen nazarin cututtukan da tsutsotsi da makamantansu suke haddasawa. Matarsa, Betsy Bang, mai bincike ce ita ma kuma mai zanen sassan jiki, sun yi ayyuka da dama tare.

Bang yana da wani ra'ayi da ba kowane likita ne yake ɗauka da muhimmanci ba a lokacin. A ganinsa, wanda yake son ya fahimci yadda jikin mutum yake yaƙar cuta, to ya duba halittun da tsarin jikinsu bai kai namu sarƙaƙiya ba. Wannan ne yake kai shi cibiyar nazarin halittun teku ta Woods Hole, a jihar Massachusetts, lokacin hutun bazara. A can ya haɗu da dabbar da ake kira ƙaguwa mai siffar kofaton doki.

Sunan ƙaguwa dai ta ci ne kawai. Danginta na kusa su ne kunama da gizo-gizo. Idan ka gan ta a bakin teku sai ka ce ƙwarya aka kifa, aka maƙala mata doguwar jela mai tsini, jelar da ba ta harbi da ita, juyawa take yi da ita idan igiyar ruwa ta birkice ta. An samu ɓurɓushin kakanninta a duwatsun Manitoba a Kanada, masu shekara kusan miliyan 445, kuma siffar ba ta canja sosai ba. Iri huɗu ne suka rage a yau: ɗaya a gabar tekun Atlantika ta Amurka, mai suna Limulus, uku a Asiya. Jininmu ja ne saboda sinadarin ƙarfe ne yake ɗaukar iskar da muke shaƙa. Nata kuwa tagulla ce take wannan aiki, shi ya sa jinin yake zama shuɗi idan iska ta taɓa shi. Amma launin ba shi ne abin nema ba, duk da shi jaridu suka fi so. Abin nema wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin jinin, amibosait, waɗanda su ne kusan dukkan dakarun tsaron dabbar.

Tun 1885 wani malamin Johns Hopkins, William Howell, ya rubuta cewa jinin Limulus yana daskarewa. Abin da Bang ya ƙara shi ne dalili. Ya lura cewa idan wata bakteriyar ruwan teku ta dangin Bibriyo, wato dangin ƙwayar kwalara, ta shiga jikin ƙaguwar, sai jinin ya kafe ya yi kauri kamar kokon da ya kwana, dabbar ta mutu. Daga nan ya yi abin da, a ganina, ya bambanta shi da mai kallo kawai: ya dafa bakteriyar ta mutu, sannan ya yi wa wata ƙaguwar allurarta. Jinin ya sake kafewa. Da ya gwada wasu bakteriya na wani rukuni daban, masu wani irin bango, jinin bai kafe ba. Ke nan ba ran ƙwayar cutar ne yake jawo abin ba, wani abu ne a jikin bangonta wanda tafasa ba ta lalata shi. Ya buga sakamakon a 1956.

Likitoci sun riga sun san wannan guba ta wata fuskar. Richard Pfeiffer, almajirin Robert Koch a Jamus, shi ya raɗa mata suna endotoksin a 1892, yana aiki a kan ƙwayar kwalara. A shekarun 1920 Florence Seibert ta nuna cewa zazzaɓin da yake kama mutane bayan an yi musu allurar jijiya daga ragowar bakteriya yake, waɗanda suka gurɓata ruwan haɗa maganin. Idan gubar ta yi yawa a jini takan jawo rawar ɗari, zazzaɓi mai zafi, faɗuwar awon jini, har mutuwa. Hanyar gano ta a da ita ce zomaye. A yi musu allurar maganin a jijiyar kunne, a yi ta auna zafin jikinsu na awa uku. Hanya ce mai cin lokaci da kuɗi, kuma ba ta faɗin yawan gubar.

A 1963 wani matashin likitan jini, Jack Levin, ya zo ya yi aiki da Bang. Matsalar da ta fara damunsa ita ce duk jinin ƙaguwar da ya ɗiba sai ya kafe a kwalba kafin ya yi komai da shi. Da ya gasa kwalaben da zafi mai tsanani, sai jinin ya daina kafewa. Ashe ɗan ɓurɓushin endotoksin da ke jikin kwalbar da ake ganin tsaf take, shi ne yake tayar da jinin. Su biyun suka nuna cewa sinadaran daskarewar suna cikin amibosait, suka fasa ƙwayoyin suka tace ruwansu, suka buga aikin a 1964 da 1968. Wannan ruwa shi ne LAL. Ana haɗa shi da maganin da za a gwada, a ajiye a ma'aunin zafi 37 na awa ɗaya, sannan a kifa kwalbar. Idan abin ya kafe bai zubo ba, akwai guba. Yana iya gano abin da bai kai ɗaya bisa biliyan na giram ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1977.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Tafasa ruwa tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kuma ruwan sha a ci gaba da tafasa shi, domin endotoksin ba ta cutar da mai lafiya ta hanyar ciki. Amma ruwan da za a ɗura a jijiya daban ne. Kamfanoni sukan gasa kwalabe a busasshen zafi na ma'auni 250 har minti 30 kafin su raba su da wannan guba, abin da tukunya a kan murhu ba za ta yi ba. Saboda haka haɗa garin allura da ruwan leda ko dafaffen ruwa, ko ajiye ragowar ledar ƙarin ruwa don gobe, ko sake amfani da robar da aka yi wa wani, duk ganganci ne, ko da wanda ya yi ya rantse ya tafasa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ƙi ledar da ta huje ko ruwanta ya yi gurɓi-gurɓi. Na sha ganin majinyaci ya fara karkarwa jim kaɗan bayan an sa masa ruwa, masu jinya su lulluɓe shi da bargo suna cewa maleriya ce ta motsa. Tana iya zama ita ɗin. Amma abin da ya kamata shi ne a kira ma'aikacin jinya nan take, a tsayar da ruwan a duba.

Shi Bang bai tsaya a kan ƙaguwa ba. Daga farkon shekarun 1960 ya jagoranci cibiyar bincike ta Johns Hopkins a Kalkata, a Indiya, inda aka yi nazarin cututtukan yankuna masu zafi. Shi da Betsy sun kuma yi shekaru suna nazarin majina, yadda take kare hanci da hanyar numfashi, suna amfani da wata tsutsar teku. Ya rasu a 1981, shekara huɗu bayan an amince da gwajin.

Ita kuwa ƙaguwar tana biyan kuɗin wannan alheri. A Amurka ana kama fiye da rabin miliyan a shekara, a ɗebi kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsu a mayar da su ruwa. Hukumar da ke lura da kamun kifi a gabar Atlantika tana lissafa cewa kashi 15 cikin ɗari suna mutuwa, wasu masu bincike kuma sun samu fiye da haka. Ɗaya daga cikin irin Asiya ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2019. A ƙarshen shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Singafo, Jeak Ling Ding da Bow Ho, suka kwaikwayi sinadarin farko da ke gane gubar a cikin amibosait, suka samar da shi a ɗakin gwaji ba tare da an taɓa dabbar ba. Kundin ƙa'idar magunguna na Turai ya karɓe shi a 2021, na Amurka kuma a 2025.