Sardauna Ahmadu Bello: Firimiyan da ya gina Arewa da kuɗin gyaɗa da auduga

Duk wanda ya duba takardar naira 200 zai ga hoton Sir Ahmadu Bello a gaba, in ya juya bayanta kuma ya tarar da dalar buhuna da shanu da kayan gona. Waɗanda suka tsara takardar sun san abin da suke yi. Sardaunan Sakkwato ya riƙe Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, kuma mafi yawan abin da ake tuna shi da shi a yau, da kuɗin manomi aka yi shi.

An haife shi a garin Rabah a 1910. Mahaifinsa Ibrahim hakimin Rabah ne, kuma jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya yi karatu a Sakkwato, sannan ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931. Ya koyar na 'yan shekaru, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah.

A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah bai ba shi ba, ya bai wa Abubakar na Uku. Sai aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato.

Zaman Gusau ya yi masa rana. Gari ne na jirgin ƙasa, inda kamfanonin Turawa ke auna auduga da gyaɗa, kuma a nan ya ga hanyar da kuɗi ke bi daga gonar talaka zuwa baitulmalin En'e. A nan ɗin ma ya kusa rasa komai: a 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara a Zariya, aka wanke shi.

Rikicin Legas da abin da ya biyo baya

Ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1949, lokacin da ake ta ja-in-ja kan yadda za a tsara Najeriya. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa sun kafe a kan abu biyu: rabin kujerun majalisar tsakiya, da raba kuɗin shiga bisa yawan jama'a.

Abin ya kai intaha a 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardauna da jam'iyyarsa ta NPC suka ƙi amincewa da sa rana, saboda Arewa ba ta da ma'aikatan da za su gaji Turawa. 'Yan Legas suka yi musu ihu. A watan Mayun shekarar rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka aƙalla 36.

Majalisun Arewa suka fitar da buƙatu takwas, waɗanda da an bi su, da gwamnatin tsakiya ba ta wuce wata ƙaramar hukuma mai kula da tsaro da kwastan da makamantansu ba. Ba a kai can ba, amma kundin tsarin mulkin 1954 ya bai wa jihohi uku na wancan lokaci, wato Arewa da Yamma da Gabas, iko mai yawa. A ranar 1 ga Oktoba 1954 Sardauna ya zama Firimiyan Arewa na farko.

Daga nan bai sake sha'awar Legas ba. Ko da NPC ta fi kowa kujeru a zaɓen 1959, mataimakinsa a jam'iyya Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya ci gaba da zama Firaminista, shi kuwa ya yi zamansa a Kaduna. Ana yawan danganta wannan da jinin sarauta ko ƙyamar hayaniyar Ikko. Amma akwai lissafi a ciki: a tsarin wancan zamani noma da ilimi da lafiya da ƙasa da En'e duk a hannun jiha suke, haka ma babbar taskar kuɗi.

Taskar kuɗin

Taskar ita ce hukumar sayen amfanin gona. Turawa sun kafa hukumomin gyaɗa da auduga a 1949, kowacce tana aiki a ƙasa baki ɗaya. A 1954 aka rarraba su ga jihohi tare da rarar kuɗin da suka tara, Arewa ta samu tata.

Ga yadda abin yake tafiya. Kafin kaka hukuma ta yanke farashin tan ɗaya na gyaɗa. Manomi a Zango ko Baure ko Mai'aduwa ya ɓare gyaɗarsa ya kai wa ɗan sikeli, shi kuma ya kai wa ejan mai lasisi, irin su gidan Alhassan Ɗantata da kamfanonin Turawa. A tara ta a Kano, a yi dala da buhuna har jirgin ƙasa ya samu damar kwashewa zuwa Legas. Hukuma kaɗai ke da ikon sayar da ita a kasuwar duniya, kuma abin da ya ragu tsakanin farashin Turai da na manomi nata ne.

Dalilin da aka bayar shi ne a riƙa adana rara a shekarar tsada, a tallafa wa manomi a shekarar faɗuwar farashi. An yi hakan a wasu shekaru. Amma a zahiri tsarin ya koma wani haraji da ba a rubuta wa manomi rasiɗinsa ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Kanada, Gerald Helleiner, ya yi lissafin cewa daga 1947 zuwa 1961, rarar hukuma da harajin fitar da kaya da na saye sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa. Manoman bakin iyaka sun fi kowa gane wannan, domin duk shekarar da farashi ya fi kyau a Nijar, gyaɗa takan san hanyar tsallakawa da dare a bayan jaki.

Abin da ya bambanta Sardauna shi ne inda ya kai kuɗin. Ta hannun hukumar raya Jihar Arewa, wadda ita ce asalin kamfanin NNDC na yau, aka zuba jari a masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, David Whitehead and Sons, domin audugar Funtuwa da Gusau ta zama yadi a gida. Wasu masaƙu suka biyo baya a Kakuri, har da Arewa Textiles ta Japanawa. Aka kafa Bank of the North tare da wani bankin Labanan, aka yi rajistar kamfanin siminti na Sakkwato a 1962, aka gina otal ɗin Hamdala.

A 1962 ɗin dai aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Ma'aikatar kuɗi tana hannun Aliyu Makaman Bida, ta ilimi tana hannun Isa Kaita, ma'aikatar tsara tattalin arziki kuwa Wamban Daura Muhammadu Bashar ne ya riƙe ta, wanda ya zama Sarkin Daura a 1966.

Akwai abin da masu yabo ba sa son taɓowa. Masana'antun sun taru a Kaduna da Kano, ƙauyukan da suka noma kuɗin kuwa ba su ga abin kirki ba. Ejan-ejan da 'yan kwangila da yawa 'yan NPC ne. Magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano, waɗanda ke cewa ana tatsar talaka, sun sha ɗauri a kotunan alƙalai. A ƙasar Tibi an yi tarzoma a 1960 da 1964. Shirinsa na fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati ya buɗe wa dubban matasa ƙofa, Musulmi da Kirista, amma ya ƙara tsamin dangantaka da 'yan Kudu. Kuma mutumin da ya hana Legas taɓa ikon jiharsa bai bar En'e ta yi masa irin haka ba: a 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sauka daga gadon sarauta bayan binciken kuɗin En'en Kano.

Da fetur ya shigo

An gano fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Kafin nan ƙa'idar ita ce kuɗin haƙar ma'adinai su koma jihar da aka haƙo su gaba ɗaya, abin da ya yi wa Arewa daɗi saboda kuzar Jos. A 1958 kwamitin Raisman ya sauya lissafi: rabi ga jihar da aka haƙo, kashi 20 cikin 100 ga tarayya, kashi 30 kuma a zuba a asusun rabo, inda Arewa ke da kashi 40 cikin 100. Harajin fitar da gyaɗa da auduga kuwa aka bar wa jihar da ta noma.

Wato Sardauna ya riƙe kuɗin amfanin gonarsa, ya kuma samu hannu a kuɗin fetur. A lokacin fetur bai taka kara ya karya ba, Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, saboda haka ba kowa ya hango inda abin zai kai ba.

Wasu ƙasashe masu tsarin tarayya sun bi wata hanya dabam. A Kanada, gwamnatin tarayya ta miƙa wa lardunan Alberta da Saskatchewan da Manitoba mallakar albarkatun ƙasarsu a 1930, saboda haka da aka gano fetur mai yawa a Alberta a 1947, lardin ne ya riƙa karɓar kuɗin haƙa. A Najeriya ma'adinai sun zauna a hannun gwamnatin tsakiya, rabon kuɗin kawai ake ciniki a kai.

Gasar da ke tsakanin jihohi ta kawo ci gaba, ta kuma kashe wasu ayyuka. An fara dam ɗin Kainji a 1964, layin dogo ya isa Maiduguri a shekarar. Amma masana'antar ƙarfe da aka sa a shirin raya ƙasa na 1962 ta maƙale, domin kowace jiha tana son ta a ƙasarta. Aka ce a raba ta biyu tsakanin Idah a Arewa da Onitsha a Gabas, ƙarshe ba a gina ko ɗaya ba.

Jaridar New Nigerian, ɗaya daga cikin ayyukansa na ƙarshe, ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966. Mako biyu bayan haka, daren 15 ga wata, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu.

Tsarin da ya tsaya a kai bai daɗe bayansa ba. A watan Mayun 1967 aka yanka Arewa zuwa jihohi shida. Sojoji suka riƙa janye kuɗi zuwa tsakiya: kason jihar da ake haƙo ma'adinai ya sauko zuwa kashi 45 a 1970, kashi 20 a 1975, har ya kai kashi ɗaya da rabi a 1982, kafin kundin 1999 ya tsayar da shi a kashi 13. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa dalolin Kano. An soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Bank of the North kuma ya narke cikin Unity Bank a 2006. Kamfanin NNDC yana nan, mallakar jihohin Arewa 19, waɗanda mafi yawansu ke jiran kason Abuja duk wata kafin su biya albashi.