Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi: Firist da Alherin Allah ya Riƙe

Kowace ranar 20 ga Janairu Ikkilisiyar Katolika a Nijeriya tana tunawa da Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi. Mu da muke Kano, daga Nassarawa har Sabon Gari da ƙauyukan kewaye, ya kamata mu san rayuwarsa, gama wahalar da ya sha ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

An haifi Iwene a shekarar 1903 kusa da Aguleri, a Jihar Anambra ta yau. Iyayensa manoma ne matalauta, masu bin addinin gargajiya. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ido ɗaya kuma ya lalace a wajen wasa da 'yan'uwansa yara. Aka kai shi gidan wani ɗan'uwa domin ya yi makaranta, a can ya ji Bishara. A 1912 aka yi masa baftisma da suna Michael. Da ya girma ya zama malamin makaranta, har ya kai matsayin hedimasta.

Yana cikin koyarwa sai babbar jarrabawa ta same shi. Aka zargi mahaifiyarsa da maita, aka tilasta mata shan guba, ta mutu. Wani zai iya ɗaukar fansa, ko ya juya wa Allah baya. Michael bai yi haka ba. Ya kai baƙin cikinsa gaban bagade, ya ƙara naciya ga addu'a.

A 1925 ya shiga makarantar horon firistoci a Igbariam, ko da yake danginsa ba su so ba, domin suna sa rai ga albashinsa. Shekara 12 ya yi yana haƙuri da tsananin horo. Ran 19 ga Disamba 1937 Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a Onitsha.

Fada Tansi ya yi hidima a Nnewi, da Dunukofia, da Akpu, da Aguleri. Yakan bi ƙauyuka da ƙafa ko a keke, ya zauna sa'o'i masu yawa yana jin furcin zunubi. Abincinsa kaɗan ne, ɗakinsa na talaka. Da hannunsa yake kwaɓa ƙasa tare da jama'a wajen gina makarantu da majami'u. Ya tsaya wa mutuncin mata, ya kafa wuraren shirya 'yan mata domin aure na Kirista, bai kuwa ji tsoron masu ƙarfi ba. Cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai Francis Arinze, a 1941, wanda daga baya ya zama Kadinal.

A 1950, da yardar bishop ɗinsa, ya tafi Ingila, ya shiga gidan masu zaman zuhudu na Mount Saint Bernard, inda aka ba shi suna Cyprian. Niyyar ita ce ya koyi wannan rayuwa ta addu'a da shiru da aikin hannu, ya komo da ita Nijeriya. A nan ya ɗauki wani irin gicciye dabam. Mutumin da dubbai suke sauraron wa'azinsa ya koma ƙarami cikin baƙi, yana hidima a ɗakin cin abinci da wurin ɗinkin littattafai, ga sanyin da bai saba da shi ba. Ya jira fiye da shekara 2 kafin a karɓe shi cikin masu koyo. A 1956 ya ɗauki alkawarin har abada.

A 1963 aka yanke shawarar kafa sabon gidan a ƙasar Kamaru, kusa da Bamenda, ba a Nijeriya ba. Abin ya taɓa zuciyarsa, amma ya karɓa a matsayin nufin Allah. Aka zaɓe shi ya zama mai horon sababbi a can, sai ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu a asibitin Leicester ran 20 ga Janairu 1964, bai sake ganin ƙasarsa ba.

A idon duniya burinsa bai cika ba. Amma a 1986 aka dawo da ƙasusuwansa Onitsha, ran 22 ga Maris 1998 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka a Oba, kusa da Onitsha, ɗan Nijeriya na fari da ya sami wannan daraja.

Ina ya sami ƙarfi? Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Haka Fada Tansi. Allah bai kawar masa da maraici, ko rashin uwa, ko kaɗaici ba, amma kowace safiya ya ciyar da shi a Hadaya Mai Tsarki da abin da zai ishe shi a wannan yini.

Kai da albashi bai kai ƙarshen wata ba, ke gwauruwa mai riƙon marayu, ku da dangi suka ƙi saboda bangaskiya, kada ku karai. Ku kusaci Sakramenti, ku riƙe addu'ar iyali, ku ɗauki nauyin juna. Mahaƙurci mawadaci.

Mai Albarka Cyprian Michael Tansi, ka yi addu'a dominmu. Amin.