John Boyd Dunlop

John Boyd Dunlop (5 ga Fabrairu, 1840 – 23 ga Oktoba, 1921) likitan dabbobi ne ɗan asalin Sikotlan, wanda ya yi suna wajen ƙera tayar keke mai iska. Da sunansa ake kiran kamfanin tayoyi na Dunlop.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙauyen Dreghorn da ke yankin Ayrshire, a gidan manoma. Ya karanci likitancin dabbobi a Edinburgh, sannan a 1867 ya koma Ayilan, inda ya fara aiki a Downpatrick kafin ya buɗe asibitin dabbobi a Belfast. Ya auri Margaret Stevenson a 1871, suka haifi mace da namiji.

Taya mai iska

A wancan zamani tayoyin kekuna na roba ne daskararre, titunan Belfast kuma jeren duwatsu ne. Duk dutsen da taya ta taka, sai jijjigar ta bi ƙarfen keke ta isa jikin mahayi. A 1887 Dunlop ya nemi hanyar sauƙaƙa wa ɗansa wannan wahala a kekensa mai ƙafa uku. Ya haɗa bututu da fallen roba, ya hura masa iska, ya rufe shi da ƙyalle mai ƙwari, ya ɗaure a gefen wani faifan katako. Da ya gangara faifan a tsakar gidansa tare da ƙafar keken ɗan nasa, sai ƙafar keken ta tsaya a hanya, mai iskar kuwa ta wuce har ta bugi ƙofa ta dawo.

Dalili shi ne iska tana matsuwa. Idan taya ta hau ƙaramin dutse, wurin da ya taɓa dutsen kaɗai ke lotsawa, ba sai keken duka ya ɗaga ba. Don haka jijjiga ke raguwa, ƙarfin mahayi kuma ba ya tafiya a banza. Kusan irin aikin da guringuntsi ke yi ne a gwiwar mutum, ko ɓangaren nan mai taushi da ke ƙarƙashin kofaton doki. Ya sami takardar haƙƙin ƙirƙira ranar 7 ga Disamba, 1888.

A watan Mayun 1889 ɗan tseren keke Willie Hume ya lashe duka tsere huɗu da ya shiga a wasannin Queen's College da ke Belfast da irin wannan taya. Daga nan attajirin Dublin Harvey du Cros ya haɗa gwiwa da Dunlop suka kafa kamfani.

Rasa haƙƙin ƙirƙira

A 1890 aka sanar da shi cewa takardarsa ba ta da inganci, domin wani ɗan Sikotlan, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845. Ta Thomson ba ta samu kasuwa ba, har an manta da ita. Saboda haka kiran Dunlop wanda ya fara ƙirƙirar taya mai iska kuskure ne da ake yawan yi. Tasa dai ita ce ta fara karɓuwa, don ta zo lokacin da hawan keke ke tashe.

Kamfanin ya tsira ta hanyar sayen haƙƙin wasu ƙirƙire-ƙirƙiren. Dunlop ya janye daga cikinsa, kuma bai samu wani babban rabo ba lokacin da aka sayar da shi kan fam miliyan 3 a 1896. Daga baya kamfanin ya bazu a duniya, har da masana'anta a Ikeja da ke Legas, wadda ta daina ƙera taya a 2008.

Rasuwa

Ya rasu a Dublin yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Deans Grange. Bankin Northern Bank na Ayilan ta Arewa ya sa hotonsa a takardar kuɗi ta fam 10.