Iosif Shklovsky, masanin da ya bayyana gudun matattun taurari

An haifi Iosif Shklovsky a ranar 1 ga watan Yulin 1916, a garin Hlukhiv na ƙasar Yukren, cikin wani gida na Yahudawa.

Ya yi aikin shimfiɗa layin dogo a gabashin Tarayyar Sobiyet tun yana matashi, kafin ya kammala Jami'ar Mosko a 1938. Raunin idanu ya hana shi zuwa fagen daga a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya duƙufa ga nazarin sararin samaniya.

A 1967 ne Jocelyn Bell, ɗaliba a Jami'ar Cambridge ta Ingila, ta gano taurarin da ake kira fulsa. Fulsa ragowar wani ƙaton tauraro ce da ya tarwatse. Faɗinta bai wuce kilomita 20 zuwa 25 ba, amma ta fi rana nauyi, kuma tana juyawa tana aiko da igiyoyin rediyo a kai a kai.

Kimanin shekara biyu bayan haka, Shklovsky ya kawo hujjar cewa idan fashewar tauraron ta fi ƙarfi ta gefe guda, to za ta cilla ragowar zuwa ɗaya gefen, kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗar maharbi. Ya kuma nuna cewa gudun fulsa na sa masu aune-aune su ga kamar juyawarta na raguwa fiye da yadda take a zahiri. Ana kiran wannan lissafi da sunansa.

Bai rayu ya ga cikakkun alƙaluman ba. Wani bincike da aka wallafa a 2005 a kan fulsa 233 ya nuna matsakaicin gudunsu lokacin haihuwa ya kai kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda, alhali taurarin da suka haife su ba su cika wuce 'yan gomomin kilomita ba. Wasunsu ma gudun ya ishe su ficewa daga gungun taurarinmu baki ɗaya.

Shklovsky mutum ne mai kaifin harshe, kuma hakan bai yi wa hukumomi daɗi ba. Duk da lambar yabo ta Lenin da ya samu a 1960, an sha hana shi fita ƙasashen waje, kuma ba a taɓa ba shi cikakkiyar kujera a Majalisar Kimiyya ta Sobiyet ba.

Ya mutu a Mosko ranar 3 ga watan Maris na 1985, yana da shekara 68.